Idan Fetur Ya Shaƙe Mota

Fijo 504 ce, fara, haɗin Kaduna. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya saye ta da bashin mota na ma'aikata a tsakiyar shekarun 1980, kuma da aka zo rabon gado ni na roƙa a sanya mini ita a kasona. A cikinta na koyi tuƙi, a cikinta aka ɗauko mini amarya. Shi ya sa da ta fara mutuwa a kan titi a bazarar da ta wuce, na ji abin a raina kamar wani dattijon gidanmu ne ya kwanta ciwo.

Da safe lafiya lau take tashi. Idan hanya ta miƙe ina taka totur, ba abin da nake ji sai ɗan nauyi. Amma da zarar na tsaya a danja ko na faɗa cunkoso, sai injin ya kama rawa, sautinsa ya yi ƙasa kamar mai shaƙuwa, ya mutu. In murɗa makulli, sitata ta yi ta juyi, shiru. Warin fetur kuwa ya cika motar har ya hau kai. Ranar da abin ya fi ci mini rai, na ɗauko Hajiya mahaifiyata zan kai ta awon hawan jini, motar ta mutu mana a cunkoson Kurna a nan Kano wajen ƙarfe ɗaya na rana. 'Yan adaidaita sahu suna ta danna oda a bayanmu, sai da wasu samari biyu suka taimaka suka tura mu gefe. Hajiya tana fifita da bakin mayafinta ta ce, "Wai man ne ya ƙare?" Na ce, "A'a Hajiya, da mai a ciki." A lokacin ban san cewa man ne ya yi mata yawa ba.

Makanikai uku suka taɓa ta kafin a gano ciwon, kuma ban ɗauki ko ɗaya daga cikinsu mugu ba, gaggawa ce ta ɗebe su. Na farko ya kwance fulogi, ya ga sun yi baƙi ƙirin, ya ce su ne, na sayo sababbi huɗu. Ta yi kwana biyu lafiya, a na uku ta koma gidan jiya. Na biyu ya ce sulo ne ya yi ƙasa, ya sa sukundireba ya murɗa, injin ya riƙa kuka ko a tsaye, mutuwar ta ɗan ragu, shan mai ya ƙaru. Na uku ya ce famfon mai ne ya gaji ba ya kai fetur, ya cire na asali ya ɗaura mini na lantarki da aka kwance daga wata mota. Daga ranar ne fetur ya fara tsiyaya a jikin kafireta, ana gani da ido.

Kafin in kai ga mutumin da ya warware mini matsalar, bari in yi wa mai karatu bayanin abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan ƙarfe, domin duk wanda ya gane shi ba a sake yi masa canki-canka da aljihu.

Fetur ba ya cin wuta a cikin inji sai ya zama feshi ya gauraya da iska, kuma iskar ce mai rinjaye nesa ba kusa ba. A nauyi, kowane kilo 1 na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, lita 1 ta fetur tana cinye iska wajen lita 9,000. Aikin kafireta shi ne wannan awo da gaurayawa. Wanda ya san famfon filit na da, wanda iyayenmu ke feshin sauro da shi, ya riga ya san rabin sirrin. Ka tura iska da ƙarfi ta saman ɗan siririn bututu, sai ta zuƙo ruwan maganin daga gwangwani ta watsa shi. Haka kafireta take. Tana da maƙogwaro da ya tsuke a tsakiya, iskar da fistin ke zuƙa tana ƙara gudu a wurin tsukewar, sai ta jawo fetur ta wata 'yar kafa da makanikai ke ce wa jet. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya bayyana wannan hali na tsukakken bututu tun 1797, sai a 1893 Bajamushe Wilhelm Maybach ya ƙera kafireta mai feshi wadda kusan duk na bayanta suka bi sahunta.

Ɗaya rabin sirrin yana cikin ɗan ƙoƙon da ke gefen maƙogwaron, inda fetur ke taruwa kafin a zuƙe shi. Dole fetur ya tsaya a wani ƙayyadadden tsayi a cikin ƙoƙon, ƙasa kaɗan da bakin bututun feshi. Abin da ke tsare wannan iyaka kuwa kowa ya san irinsa: ƙwallon da ke cikin tankin ruwa na saman gida, ko na bayan gida na zamani. Ruwa ya taso, ƙwallo ya taso, ya toshe famfo. A kafireta ana ce wa ƙwallon fulot, kuma yana tura wata 'yar allura ce ta toshe ƙofar da fetur ke shigowa. Duk faɗin ƙofar bai wuce milimita biyu ba. Idan allurar nan ta kasa rufewa, famfo ba ya sanin an ƙoshi, turowa kawai yake yi. Fetur ya haura iyaka, ya malalo cikin maƙogwaro, ya gangara cikin inji yana ruwa. Wannan shi ne abin da 'yan gareji ke kira obafulo.

Daga nan sai komai ya bayyana. A kan doguwar hanya inji yana shan mai da yawa kuma iska na shiga a wadace, don haka yana iya haɗiye rarar, sai dai hayaƙi. A tsaye kuwa ƙofar totur a rufe take, iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce, ɗigo kaɗan ya isa ya shaƙe shi. Fulogi ya jiƙe, jiƙaƙƙen fulogi kuwa kamar jiƙaƙƙiyar ashana ne, ka yi ta ƙyastawa ba wuta.

Maƙwabcina, tsohon direban tasi, shi ya yi mini kwatancen wani dattijo da ke gyara a ƙarƙashin wata darbejiya can wajen Ƙofar Ruwa. Na same shi zaune a kan benci yana wanke wasu ƙananan ƙarafa a cikin gwangwanin madara, tabaransa ɗaure da zare. Muka gaisa, na fara zayyana masa tarihin ciwon. Ya saurara har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Malam, kar ka tayar da ita tukuna. Buɗe mini bonet."

Abin da ya fara taɓawa ba kafireta ba ce. Gejin baƙin mai ya zaro, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya kai hancinsa. Ya murza man tsakanin yatsu biyu.

"Ka ƙara mata baƙin mai kwanan nan?"

"A'a Baba, tun da aka yi juye ban ƙara ba."

"To duba nan, ya wuce alamar sama. Baƙin mai ba ya haihuwa, Malam. Sunsuna ka ji."

Na sunsuna. Fetur ne tsagwaronsa, man kuma ya tsinke kamar ruwa. Ya ce fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin bangon silinda, ya sulale ta gefen ringi ya faɗa cikin tukunyar baƙin mai. Mota ta yi ta tafiya a haka, ringi ya cinye, metal ya cinye, wata rana a ce inji ya buga, mai mota kuma ya rasa dalili. Ya ƙara da cewa famfon mai na asali ma, idan fatar robar da ke cikinsa ta yage, yana iya zubar da fetur kai tsaye cikin baƙin mai, don haka wannan alama ita kaɗai ba ta isa yanke hukunci ba.

Ya sa yaronsa ya kwance fulogi ɗaya. Sabo ne, bai cika wata ba, amma ya yi baƙi kamar gindin tukunya, kuma a jiƙe. Nan ya koya mini karatun fulogi, wanda har yau nake amfani da shi. Lafiyayye launin shayi da madara yake yi. Baƙi mai busasshiyar kunkunniya, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo da danƙo, baƙin mai ne ke haurowa, wannan ciwon ringi ne. Fari fat kamar toka, inji na fama da yunwar fetur. Hayaƙin salansa ma haka yake magana: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne ke shiga, a duba gasket.

Sannan ya cire tukunyar iska da ke saman kafireta, ya ce in tayar. Da ƙyar ta tashi. Ya haska tocila cikin maƙogwaron, ya ja ni ta hannun riga ya ce in leƙa daga gefe, kada in ɗora fuskata a kai, domin kafireta takan yi atishawar wuta. Na leƙa. A tsakiyar maƙogwaron akwai ɗan bututu, ga fetur nan yana ɗiga daga bakinsa, ɗis, ɗis, ɗis, yana faɗawa kan faifan totur. Baba ya ce idan mota na sulo wannan bututu a bushe ya kamata ya kasance, domin man sulo ta wata kafa daban yake fita, can ƙasa.

Gwajin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni saboda sauƙinsa. Injin yana ta rawa zai mutu, sai Baba ya miƙa hannu ya zare wayar famfon lantarkin nan. Ba a yi daƙiƙa goma sha biyar ba sai rawar ta tsaya, sautin ya miƙe, ya yi santsi kamar yadda na san shi zamanin mahaifina. Ya yi ɗan lokaci a haka, sannan fetur ɗin cikin ƙoƙo ya ƙare, ya mutu a hankali.

"Ka ji ko? Da na hana ta abinci sai ta sami lafiya. Ƙoshi ne ke kashe ta."

A motar da ke da famfon asali, ana yin wannan gwaji ta hanyar matse tiyon roba da filaya a naɗe da tsumma, in dai tiyon bai tsufa ya bushe ba.

Sai a lokacin ya ɗauki sukundireba. Ya shimfiɗa farin tsumma a kan benci, ya kwance murfin kafiretar, Solex ce ta Faransa, yana jera kowane sukuru a layi. A ƙasan ƙoƙon akwai wani jan gari kwance kamar garin barkono, tsatsa ce daga tanki. Ƙwaya ɗaya daga cikinta idan ta maƙale a bakin allura ta isa ta hana ƙofar rufewa. Ya ɗago fulot ɗin ya girgiza mini a kunne, na ji ruwa na motsi a ciki. Abin da aka yi don ya yi iyo ya sha fetur ya yi nauyi, ba ya tasowa da ƙarfin da zai danne allura. Ya aika aka karɓo ruwan zafi wajen mai shayi, ya tsoma fulot ɗin a ciki nesa da wuta, sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga wurin haɗinsa. Ya nuna mini da farce ya ce, "Ga ƙofar ɓarawon."

Allurar ma bai ƙyale ta ba. Ya kife murfin, ya sa wani tsabtataccen tiyo a mashigar fetur, ya danne allurar da yatsa a hankali, ya hura. Iska ta wuce da ɗan fito. Lafiyayyar allura ko kaɗan ba ta bari. Shekaru na bugawa a wuri ɗaya sun cinye bakinta. A babur, inda ake iya zaro allurar gaba ɗaya, za ka ga zoben da ya fito a tsininta da idonka. Ya kuma nuna mini wata 'yar washa da ke ƙarƙashin mazaunin allurar, ya ce a irin wannan kafireta kaurin washar ne ke tsayar da iyakar fetur a ƙoƙo. Yaro ya yar da ita wajen wanki, ko ya sa wadda ba ta kai kauri ba, shi ke nan mota ta kama shan mai ba wanda ya san dalili. A wasu kafiretocin kuma ɗan harshen ƙarfe ne a jikin fulot ake lanƙwasawa.

Game da famfon lantarkin, kai kawai ya girgiza. Ya tambaye ni iska nawa mai faci ke ba tayata, na ce 30. Ya ce to a wannan ma'auni famfon da kafireta ke so 3 zuwa 4 yake bayarwa, na motar injekta kuwa 40 ne ko fiye. Wanda aka ɗaura mini bai kai na injekta ba, amma ya fi ƙarfin allura lafiyayya, balle wadda ta gaji. Allah ya sa ban yar da na asalin ba, yana cikin but. Ya gwada shi da hannu, ya ga lafiyarsa ƙalau, ya mayar da shi mazauninsa.

Maganar tsatsar tanki ta tsaya mini a rai, domin na ga hannunmu a ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mu masu ƙaramin ƙarfi mun daina cika tanki. Lita biyar, lita bakwai, allurar geji kullum tana kwance. Tankin tsohuwar mota na ƙarfe ne. Idan ya zauna wayam, iska mai laima ta damina ce ke cika shi, da dare ta zama raɓa a jikin bangonsa, tsatsa ta kama. Ɗan man da ke ciki ya yi ta kaɗawa yana wanko ta. Ga kuma man jarka na bakin titi, wanda ake ɗurawa da mazurarin da ya yini cikin ƙura. Ban ce kowa ya cika tanki ba, na san halin da ake ciki. Amma 'yar filtar roba mai haske da ake sakawa a kan tiyo kafin kafireta kuɗinta bai kai na fulogi huɗu ba, kuma tana nuna maka dattin da idonka. A dai ɗaura ta nesa da zafin salansa.

Aka sauke tankin aka wanke. Muka sayo sabuwar allura da gasket a kasuwa, fulot kuma aka samo daga wata kafireta ta kwance. Jet-jet ɗin da iska ya hure su, ya ce kada in taɓa yarda a zura musu waya, domin tagulla ce mai taushi, ramin ya ƙara faɗi kaɗan awon ya lalace har abada. Aka juye gurɓataccen baƙin man, aka canza filtarsa. Bayan inji ya yi zafi sosai sannan ya taɓa sukurorin sulo guda biyu, na gudu da na gauraya, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kansa a karkace yana sauraro. A ganina babban kuskuren da ake yi wa tsofaffin motoci a garejinmu shi ne fara aiki da waɗannan sukurori. Su ne na ƙarshe. Murɗa su a kan kafireta mai obafulo ɓoye ciwo ne kawai, mai mota kuma ya biya a gidan mai.

Ba duk motar da ke mutuwa a tsaye ce ta ƙoshi ba, kuma a nan ne ake ruɗewa. Yunwa ma tana kashe ta a daidai wannan wuri. Kafar jet ɗin sulo ba ta kai kaurin allurar ɗinki ba, ƙwayar yashi ɗaya ta toshe ta, da ka ɗaga ƙafa daga totur mota ta mutu. Ko kuma iska ta sami ɓarauniyar hanya, ta gasket ɗin ƙarƙashin kafireta ko ta tsagaggen tiyon da ke zuwa tukunyar iskar birki, sai ka ji ana wani tsaki siriri a cikin inji. Wasu kafiretocin kuma suna da ɗan makunnin lantarki a kan jet ɗin sulo, wanda ke cewa ƙas idan an murɗa makulli. Wayarsa ta zare, sulo ya tafi. Bambancin shi ne mai yunwa ba ta wari, ba ta baƙin hayaƙi, fulogunta a bushe. Ga kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo: inji na shirin mutuwa, ka ɗan jawo cok. Cok faifai ne a bakin kafireta da ke rage iska don fetur ya yi rinjaye. Idan mota ta farfaɗo, yunwa take ji. Idan ta ƙara shaƙewa ta mutu nan take, ƙoshi ne.

Shi kansa cok ɗin yakan zama mai laifi. Idan inji ya yi zafi, faifan a tsaye cak ya kamata a gan shi. Wayarsa ta cije ko ta maƙale a rabi, mota ta yini tana shan mai kamar da sanyin asuba. Masu Golf 2 sun san wannan sarai, domin kafiretar Pierburg da ke kan da yawa daga cikinsu cok ɗinta mai sarrafa kansa ne, idan ya tsufa kuwa yakan ƙi buɗewa. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe ita ma tana sa inji ya shaƙe.

Sai wuta. Jiƙaƙƙen fulogi yana iya nufin fetur ya yi yawa, yana kuma iya nufin fetur daidai yake amma ba tartsatsin da zai ƙona shi. Baba bai rufe bonet ba sai da ya duba kwantak, ya auna tazararsa, milimita 0.4 a irin wannan mota, ya kuma tabbatar tartsatsin shuɗi ne mai ƙara. Kwayil ko kondensa da suka gaji sukan yi aiki da safe, su ɗauke idan sun yi zafi, su dawo bayan an huta. Yawanci mutuwar wuta farat ɗaya take zuwa kamar an kashe makulli, mutuwar mai kuwa sai an yi tari da shure-shure.

Akwai wata ambaliyar da ba ta da alaƙa da lalacewar komai, zafinmu ne ke kawo ta. Fetur gauraye ne na sinadarai iri-iri, kuma mafi sauƙinsu suna fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. A watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna kai wannan a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Ka tsaya ka kashe mota ka shiga masallaci, fanka ta tsaya, zafin inji ya hau kan kafireta, fetur ɗin cikin ƙoƙo ya tafarfasa kamar madara a wuta ya zubo ciki. Ka fito bayan minti goma sha biyar ta ƙi tashi, alhali da ka bar ta awa biyu da ta tashi da bugu ɗaya. Don haka ne masu ƙera mota ke saka wani kakkauran faifai marar ɗaukar zafi tsakanin kafireta da inji. Sau da yawa wajen gyara ake yar da shi a maye da gasket ɗin kwali. Idan kuma a cikin tiyo ko famfo man ya zama tururi, sai abin ya juye ya zama yunwa, shi ya sa tsofaffin direbobi ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai su ɗan jira.

To, mota ta mutu maka a hanya, ga warin fetur, me za ka yi? Abin da ƙafa ke so shi ne ta yi ta buga totur, kuma shi ne mafi muni. A jikin kafireta akwai ɗan famfo da ke tsarta fetur duk lokacin da aka taka totur, ko inji na aiki ko ba ya yi. Kowane bugu ƙarin ruwa ne ga wanda ke nutsewa. Ka tura cok ciki gaba ɗaya. Ka taka totur a hankali sau ɗaya har ƙasa, ka riƙe a nan, don iska ta shiga a buɗe ta busar da fulogi. Ka murɗa makulli kamar daƙiƙa goma, ka saki, ka bar sitata da batir su huta, ka sake, ƙafarka ba ta ɗaga ba. Idan ta kama za ta yi tari da baƙin hayaƙi, sai ka sassauta. Idan datti ne ya maƙale a allura, ɗan ƙwanƙwasa gefen ƙoƙon da ƙotar sukundireba yakan sa ya faɗi, ya kai ka gida. Amma in ka buɗe bonet ka ga fetur na gudu a jikin inji, kada ka murɗa makullin nan ko sau ɗaya. A tura ta gefe, a bari ya bushe, a kira bakanike.

Wannan magana ta ƙarshe ina yin ta da dukkan zuciyata, domin na taɓa ganin mota na ci da wuta a bakin titi mai ita yana tsaye hannu a ka. A inji da yawa kafireta ba ta da nisa da bututun hayaƙi mai zafi da wayoyin fulogi. Al'adar nan ta tsiyaya fetur a bakin kafireta ana murɗa makulli ta ƙona fuskokin yaran gareji ba adadi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi, sai yashi ko tukunyar kashe gobara, wadda da yawanmu ke ajiyewa don jami'an hanya kawai ba mu taɓa duba ko tana aiki ba. A kuma tuna idan inji ya mutu mota na tafiya, taku ɗaya ko biyu ne birki zai yi da taushinsa, daga nan ya zama dutse sai an danna da ƙarfi.

Wani zai ce ai zamanin kafireta ya wuce. A Turai da Amurka haka ne, dokokin hayaƙi sun kore ta daga sababbin motoci tun farkon shekarun 1990, injekta ta gaje ta. Ita kanta 504 a 1968 ta fito a Faransa, can aka daina ƙera ta a 1983, amma kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Har yau akwai irinta a hanyoyin ƙauyuka tana ɗaukar buhuna ranar kasuwa. Ban da mota ma, babur ɗin ɗan acaɓa, da janareton shago, da injin ban ruwa a fadama, mafi yawansu da fulot da allura suke aiki. Duk wanda ya taɓa ganin fetur na ɗiga daga ɗan tiyon da ke ƙarƙashin babur a ajiye ya ga obafulo, kuma dalilin da ya sa ake rufe makullin mai da dare ke nan. Abin da ke raguwa shi ne masu haƙurin dubawa. Yaran Baba biyu ne kacal, kuma ya gaya mini samari yanzu sun fi son koyon na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ban ga laifinsu ba, can kasuwa ta karkata. Amma ita wannan mota tawa ba ta da inda za a jona mata komai, hanci da ido da kunne take buƙata.

Da na tambaye shi kuɗin aiki, abin da ya faɗa bai kai abin da na kashe a kan famfon lantarkin da aka cire ba. Na ƙara masa, ya yi godiya, ya ce in dawo bayan mako biyu a duba filtar. Da na koma ta ɗan tara ja a gindinta, ragowar tsatsar cikin bututu, aka canza ta.

Watan jiya na sake ɗauko Hajiya zuwa awo, muka bi ta Kurna, muka daɗe a cunkoso. Injin yana ta sulo a natse, gilashi a sauke, ba wari. Mai karatu, idan tsohuwar motarka ta fara mutuwa a tsaye kuma kana jin warin fetur, kafin ka sayi fulogi ko famfo, zaro gejin baƙin mai ka sunsuna, sannan ka sa a cire tukunyar iska a haska maka cikin kafireta ka gani da idonka.